Kartar Zinare a Bakin Gona: Shuka Za Ta Iya Cinye Gubar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Masu niƙan dutsen zinare sun tashi sun bar tarin karta (dusar dutsen) kusa da gonata. Duk habub (guguwar ƙura) ɗin da ya taso sai ya watsa ƙurarta kan albasa, awaki ma suna hawa. An ce mini akwai tsirrai masu shanye guba. In na shuka su, yaushe zan noma wurin? Manomi daga Abu Hamad, arewacin Sudan.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka cire batun noman abinci a wurin nan daga ranka. Karta, wato dusar dutsen da aka wanke zinare, tana riƙe da ƙarafa masu guba: zaiba, sau da yawa har da dalma da arsenik. Sayanayid, gubar da ake narkar da zinare da ita, rana da iska suna rage shi a hankali, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Tsirran da ke zuƙar ƙarfe sai sun yi shekaru da dama ana yanka ana kwashewa, kuma zafin Abu Hamad ya fi ƙarfin yawancinsu. Abin da shuka za ta yi maka shi ne ta danne gubar a inda take, kada iska ko ruwa su ɗauke ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙurar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Fara da shinge saboda yara da dabbobi. Sai ka ɗebi ƙasa daga wurare biyar ko shida, ta sama da ta zurfin rabin mita, ka kai ɗakin gwaji a auna ƙarafan da gishiri da tsami. Kada ka zuba komai kafin sakamako ya fito. Farar ƙasa tana ɗaure dalma in kartar mai tsami ce, amma ƙasar arewacin Sudan galibi mai kanwa ce, ƙara mata farar ƙasa na iya sakin arsenik. Takin fosfat ma haka: yana kama dalma, yana kwance arsenik.

A yayyafa ruwa kafin a taɓa tarin, masu aiki su rufe hanci da baki. A tattara shi wuri guda nesa da kwari, a kwantar da gefensa. Tattarawar ce ke rage kuɗi, don rufe fadan ɗaya (fili mai murabba'in mita 4,200) da ƙasa mai kaurin santimita 30 yana cin mita kubik 1,260. A fara shimfiɗa tsakuwa santimita 15, ita ke hana gishiri da guba hawowa sama, sannan ƙasa mai tsabta. A cikin wannan ƙasar ta sama za a gauraya ruɓaɓɓen takin shanu kaurin santimita 5 da dakakken gawayi da aka wanke tokarsa.

Nan ne mutane ke yin kuskure: su cuɗa ɗanyen taki cikin kartar kanta, su malala ruwa. Taki da ruwan da ya kwanta su ne ke ba ƙwayoyin cuta damar mai da zaiba zuwa nau'in da ke taruwa a jikin kifi ya illata ƙwaƙwalwa. Ban ruwa da tiyo mai ɗigo kawai.

Shuka jema a jere, tazarar santimita 15, a gicciye da gangare. Yawancin ƙarfen da take ɗauka yana tsayawa a saiwa. Bagaruwa ta zagaye wurin ta tare iska. Guji miskit, wani baƙon itace mai ƙaya, yana mamaye gonaki kuma awaki suna cin 'ya'yansa. Ciyawar da ka yanka a bar ta nan ta rufe ƙasa, ba a ba dabba, ba a ƙona. Ƙasar gonarka da ruwan rijiyarka su ma a auna su kafin shukar albasa mai zuwa.