Yoga da karas ba sa maye gurbin tabarau

'Yar'uwa, kin tambaya ko yoga, wato atisayen juya ido, da cin karas za su gyara idon ɗanki da ba ya hango allo a aji. Gaskiya ba za su gyara ba. Galibi ƙwayar idon ce ke yin tsawo, shi ya sa na nesa ke dishi-dishi, juya ido kuwa ba ya rage tsawon nan. Karas da manja dundumi suke karewa, shi kuma ciwo ne daban.

Nawa yaron sai ya ƙanƙance ido yake gane ni a bakin layi, tabarau ne ya raba gardama. Ki kai shi a auna. Ki riƙa kora shi wasa waje kamar awa 2 kullum, da safe ko la'asar, kin san ranarmu. Wayar nan da yake mannawa a hanci ma a rage.