Amosanin Gaɓɓai: Me Gwajin Jini Yake Nunawa?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai irin wanda ake kira rumatoyid, kuma na ji an ce akwai gwajin jinin da ke nuna ko gaɓa ta fara lalacewa. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. A wannan ciwo garkuwar jiki ce take afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, sai ya kumbura ya riƙa fitar da wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda suke cinye guringuntsi a hankali kamar yadda gara take cin azara. Fitacce a cikinsu shi ne MMP-3, wanda yake malalowa cikin jini, kuma an lura cewa waɗanda yake da yawa a jininsu tun farkon ciwo sun fi saurin samun zaizayewar ƙashi. Likitocin Japan sun daɗe suna auna shi a asibitocinsu. Sai dai ba na so ki ɗora zuciyarki a kansa shi kaɗai, domin ƙwayar prednisolone, wadda ake sha don rage kumburi, da ciwon ƙoda duk suna ɗaga shi. Hoton ƙashin hannu da na ƙafa shi ne yake bayyana ɓarnar da ta riga ta auku, kuma yawanci a shekara 2 na farko take somawa, saboda haka ya kamata a yi miki yanzu.

Tambaya: Mahaifina yana shan maganin methotrexate saboda wannan ciwo, sai aka ce ALT ɗinsa ya hau a gwajin jini. Gaɓoɓinsa ne suka ƙara lalacewa?

Amsa: A'a, Malam, ALT wani sinadari ne a cikin jini da yake ba da labarin hanta, kuma ana bibiyarsa ne saboda maganin yana iya taɓa hanta. Ku tabbatar sau ɗaya a mako Baba yake shan sa, tare da folik asid, domin shan methotrexate kullum yana iya kisa. Ku gaya wa likitansa duk wani jiƙo ko sassaƙe da yake sha, shi zai yanke shawarar rage maganin ko dakatar da shi.

Tambaya: Gwajina na CRP, wato gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, ya fito lafiya lau, amma yatsuna suna sandarewa har hantsi.

Amsa: 'Yar'uwa, kumburi yana iya ci gaba da ɓarna alhali jini bai nuna ba. In yatsun sun kai mako 6 a kumbure, ki nemi likitan gaɓoɓi ya taɓa su da hannunsa, a kuma yi miki gwajin jini na anti-CCP, wanda yake taimakawa wajen gano rumatoyid.