Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsofaffi da Karaya ta Biyu

Assalamu alaikum. Wasiƙu da dama da suka iso mini a 'yan makonnin nan sun taru a kan magana guda, wato dattijon da ya karye, ya warke, iyalinsa kuma suna tambayar ko akwai sauran abin yi. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Likita, Innarmu mai shekara 68 ta zame a wurin alwala, ta dafa ƙasa da hannu, sai wuyan hannun ya karye. An ɗaure, ya haɗu, har ta koma harkokinta. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta ce a mayar da ita asibiti a duba ƙashinta. Shin akwai buƙatar haka bayan ta warke? Daga wata 'yar'uwa a Mabera.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, maƙwabciyarku kuma ta ba ku shawarar da ta dace. Galibi ƙashi mai lafiya ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsaye. Duk karayar da ta sami wanda ya haura shekara 50 sanadin zamewa a tsakar gida, ko tuntuɓe da dokin ƙofa, ko faɗowa daga bakin gado, mu likitoci muna ɗaukarta a matsayin alamar zaizayewar ƙashi, cutar da ake kira ostiyoforosis, har sai bincike ya nuna akasin haka.

Ƙashi abu ne mai rai wanda jiki yake rushewa yana sāke ginawa kullum. Bayan ɗaukewar jinin al'ada, sinadarin istirojin da ke kāre ƙashin mace yana raguwa, sai rushewar ta rinjayi ginin, cikin ƙashin ya koma kamar katakon da gara ta ci, ana ganinsa lafiya lau daga waje alhali ba ya ɗaukar nauyi. Cutar ba ta ciwo, shi ya sa karaya ce kan fara tona ta. Ƙididdigar da ake yawan kafa hujja da ita a duniya ta nuna cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka wuce shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Wanda kuma ya karye sau ɗaya, haɗarin sāke karyewarsa yakan kusa ninkawa, kuma ya fi tsanani a shekara biyun farko. Abin da nake yi wa Inna gudu shi ne karayar kwatangwalo, domin sau da yawa wuyan hannu ne ke fara karyewa, daga baya kwatangwalo ya biyo.

Abin da ke damuna shi ne, a ƙasashe masu arziki ma an daɗe ana gyara karayar a sallami maras lafiya ba tare da kowa ya tambayi dalilin karyewar ba. Don toshe wannan giɓi ne aka kafa wani tsari a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan a 1999, inda ake ware ma'aikaciyar jinya ta musamman ta bi sawun duk wanda ya haura 50 da aka kawo da karaya, ta tabbatar an bincika ƙashinsa, an fara masa magani, an kuma ci gaba da bibiyarsa. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi tsarin. A nan wajenmu, iyali ne ya kamata su ɗauki wannan aiki. Ku koma da Inna sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, ku faɗa wa likita a sarari cewa kun zo ne a duba dalilin karayar. Za a gwada jini don ganin aikin ƙoda da yawan kalsiyam, wato sinadarin da ake gina ƙashi da shi, a auna tsayinta, a tambayi magungunan da take sha. Idan ta rage tsawo, ko bayanta ya fara ranƙwafawa, ko tana fama da ciwon baya, a ɗauki hoton ƙashin bayan, domin akasarin karayar ƙashin baya tana faruwa ne ba tare da an gane ba, mu kuwa sai mu ce tsufa ne. Akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi mai suna DXA, amma rashin samunta a kusa ba hujja ba ce ta zama haka nan, domin likita yana iya yanke shawara bisa shekaru da tarihin maras lafiya.

Tambaya: Mahaifinmu ɗan shekara 74 ya karye a kwatangwalo, sai da muka sayar da bijimai biyu aka yi masa aiki. Yanzu likita ya rubuta wata ƙwaya da zai riƙa sha sau ɗaya a mako na tsawon shekaru. Yayyena sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda Baba ya fara takawa. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗan'uwa a Tambuwal.

Amsa: Malam, ina yi muku sannu da ɗawainiya, kuma na fahimci yayyenka, domin wanda ya sayar da abin nomansa dole ya riƙa ƙirga kowace naira. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Amma ina roƙon ku zauna ku yi lissafin da kyau.

Ƙwayar da ake yawan rubutawa ita ce alendronate, miligiram 70 sau ɗaya a mako, wato ƙwaya 52 a shekara. Tsohon magani ne da ake amfani da shi tun 1995, kamfanoni da yawa suna yinsa, don haka ba sai kun sayi mafi tsada ba, muddin yana da lambar NAFDAC kuma daga kantin magani mai rajista ya fito. Bincike a kan matan da suka taɓa karyewa a ƙashin baya ya nuna yana rage sabuwar karayar baya da ta kwatangwalo da kusan rabi, ana kuma ba maza shi. Ku ɗora kuɗin wannan a gefe guda. A ɗaya gefen ku ɗora abin da kuka riga kuka gani da idonku: kuɗin aiki da ƙarfen da aka sa, jinin da aka ƙara, kuɗin gado, motar da ta ɗauko Baba daga Tambuwal zuwa Sakkwato, abincin masu jinya, da makonnin da wani daga cikinku ya rufe shago ko ya bar gona. Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta wa rasit, na matar da za ta bar sana'arta ta zauna tana juya tsoho, tana wanke shi.

Na taɓa ganin wani dattijo da aka dawo da shi bayan wata goma sha huɗu da aikin farko, wannan karon ɗaya ɓangaren ne ya karye, yana ƙoƙarin tashi daga kan tabarma. Babban ɗansa ya ciro takardar maganin daga aljihun gaban rigarsa, a ninke har ta fara yagewa a wurin ninkin, ya ce wata biyu suka saya suka daina, don sun ga tsohon ya miƙe. Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa wannan magani ba na ciwo ba ne, kuma sai ya yi wata shida zuwa shekara kafin kāriyarsa ta kankama.

Karayar kwatangwalo kuwa ba ta tsaya ga dukiya ba. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna mutum 2 zuwa 3 cikin 10 na tsofaffin da suka yi ta kan rasu cikin shekara guda, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya kamar da. A wani bincike da aka wallafa a 2007, an yi wa waɗanda suka karye a kwatangwalo ƙarin ruwan wani maganin ƙashi mai suna zoledronate sau ɗaya a shekara, sai aka ga sabuwar karaya ta ragu da kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 28. Rai da ajali na Allah ne, amma neman magani umarni ne.

Game da sauƙaƙa nauyin, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu na tallafa wa marasa galihu, a jiharmu ta Sakkwato kuma akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha mai suna SOCHEMA. Ku je ofishinsu ku tambayi yadda za a yi wa Baba rajista da abin da tsarin yake biya. Idan kuma hakan bai samu ba, ku raba kuɗin watan a tsakaninku, a damƙa sayen ga mutum ɗaya. Likita zai sāke duba lamarin bayan kamar shekara biyar ya ga ko a dakata.

Tambaya: Surukata ta fara shan ƙwayar mako-mako amma tana sa ta ƙwannafi. Ko za ta bari ta dogara ga fura da nono, tunda an ce nono yana ƙarfafa ƙashi? Daga wata 'yar'uwa a Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan kula da ita. Galibi ƙwannafin daga yadda ake shan ƙwayar yake. Ana shanta da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba da shayi ko koko ko nono ba, domin suna hana jiki tsotse ta. Sannan mutum ya zauna a miƙe ko ya tsaya na minti 30 ba tare da ya kwanta ko ya ci wani abu ba. Abin da nake gaya wa iyayenmu mata shi ne su zaɓi rana guda, misali Juma'a, su sha bayan sun idar da sallar Asuba, su zauna a kujera suna lazimi har gari ya waye, sannan a kawo kalaci. Idan ƙwannafin ya ci gaba, ko haɗiya ta yi mata wuya, ta dakata ta koma wurin likita, domin akwai ƙarin ruwan shekara-shekara, akwai kuma allurar denosumab ta duk wata shida, wadda ta fi tsada kuma ba a yanke ta kwatsam. Kafin kowanne sai an duba ƙoda da kalsiyam, a kuma gyara ruɓaɓɓen haƙori in akwai.

Nono yana da amfani, amma kayan gini ne, ba ya hana rushewar da cutar ke yi. Tsoho yana buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin madara guda kuma yana ba da wajen 300. Ki haɗa mata da kindirmo, zogale, miyar kuka, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, ga wake da ƙwai don tsoka. Kada kuma zafin ranar Sakkwato ya sa a ɗauka kowa yana da isasshen bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana, domin tsohuwar da take wuni a ɗaki ba ta samunsa. Ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, likita kuma zai iya ƙara mata na ƙwaya.

Tambaya: A garinmu maɗori ake fara kai wa karaya, kuma ya fi asibiti araha. Me ya sa likitoci ke hana mu? Daga wani ɗan'uwa a Illela.

Amsa: Malam, na san maɗora suna da daraja a wurin jama'a, kuma ba na raina su. Sai dai karayar kwatangwalo tana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma tsohon da aka kwantar na watanni yana jiran ɗori ya kama yakan gamu da gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Shi ya sa ake son a yi aikin cikin kwana biyu, a tayar da shi washegari. A hannu ko ƙafa kuma, ɗaurin da ya matse yana iya kashe gaɓar, saboda haka idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance a garzaya asibiti. Ko da ɗorin ya kama, zaizayewar da ta jawo karayar tana nan, kuma ita ce ke buƙatar likita.

Tambaya: Tun da Kakata ta faɗi muka hana ta fita ko'ina, sai dai a kai mata komai ɗaki. Tana kuma shan wasu ƙwayoyi da mai kemis ke haɗa mata don ciwon gwiwa. Mun yi daidai? Daga wani ɗalibi a Arkilla.

Amsa: Ɗana, niyyarku mai kyau ce, amma zaman wuri ɗaya yana narkar da tsoka, yana ƙara raunana ƙashi, sai ranar da ta miƙe ƙafafun su kāsa ɗaukarta. Ku bar ta ta riƙa zagaya tsakar gida da sanda, wani yana kusa, ta kuma riƙa tashi daga kujera tana komawa sau da yawa a jere kowace rana. Masu gashin ƙashi a asibiti za su koya muku motsin da ya dace da ita.

Gidan za ku gyara. Ku bi hanyar da take bi da dare daga gado zuwa bayan gida, ku ɗauke buta, turmi da igiyar awaki, ku danne bakin tabarma ko ledar ɗakin da ya naɗe, ku ajiye mata tocila a gefen matashi. A kafa ƙarfe ko katako a bango inda za ta kama a bayan gida da wurin alwala, a kankare gansakuka, a canza silifas ɗin da ya suɗe. Idan tashi daga ƙasa yana ba ta wuya, ta yi salla a kujera. A duba idonta ko akwai yana, a kuma auna hawan jininta tana zaune da tana tsaye, domin wasu magungunan hawan jini da na barci suna kawo jiri.

Ƙwayoyin kemis ɗin su suka fi tayar mini da hankali. Irin wannan haɗin sau da yawa yana ƙunshe da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke kwantar da ciwon gwiwa nan take amma suna cin ƙashi idan aka yi wata uku ko fiye ana sha, suna kuma tayar da sukari da hawan jini. Kada ku yanke mata su rana ɗaya, domin jikin da ya saba da su yana iya shiga haɗari. Ka tattara su duka a leda, har da na gargajiya, ka kai wa likita a cikin wannan makon, shi zai tsara yadda za a janye su a hankali, ya kuma ba ta abin da ya dace da gwiwar.