Su waye ke bikin Halowin?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena yana zaune a Amurka da iyalinsa. Ranar 31 ga Oktoba ya turo hoto a zauren WhatsApp na gidanmu: ɗansa mai shekara shida sanye da baƙar riga mai zanen ƙasusuwa, riƙe da ɗan bokitin alewa, ga kabewa a ƙofar gida an fafe ta an yi mata ido da haƙora. Hajiyarmu ba ta runtsa ba a daren, tana ta cewa jikanta ya shiga addinin Nasara. Don Allah wane biki ne wannan, kuma na su waye?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara kwantar wa Hajiya hankali, domin abin da kuka gani ba ibadar coci ba ce. Halowin ake ce masa, kuma a yau ya fi bin ƙasa da bin addini.

Tushensa yana wajen mutanen Ailan da Sikotilan na dā. Suna da biki mai suna Sawin, a ƙarshen kaka da shigowar hunturu, inda suke hura manyan wutace bisa imanin cewa a daren ruhohin matattu na kusantar rayayyu. A ƙarni na 8, zamanin Fafaroma Giregori na Uku, aka fara danganta 1 ga Nuwamba da tunawa da waliyyan Kirista a Roma. Ma'anar sunan Halowin ke nan: jajibirin ranar waliyyai. Da cuta ta cinye dankalin Turawa a Ailan daga 1845, yunwa ta kori ɗimbin mutane zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu. Can ne ta haɗu da kabewa, daga baya kuma 'yan kasuwa suka mayar da ita daren alewa da kayan tsoratarwa.

Su kansu Kiristoci bakinsu bai zo ɗaya ba. Katolika a Folan da Filifin sun fi mayar da hankali ga zuwa maƙabarta a kunna kyandir ga iyaye. Mutanen Meziko suna da tasu ranar matattu, 1 da 2 ga Nuwamba. A sassan Jamus, 31 ga Oktoba rana ce ta tunawa da Martin Luther, malamin cocin da ya ƙalubalanci cocin Katolika a 1517. Shaidun Jehobah ba sa yin Halowin sam, haka ma majami'u da yawa da ke ganin wasa ne da shaiɗan. Na yi shekaru ina makwabtaka da Hausawa Kiristoci a Wusasa, mun yi biki tare mun yi zaman makoki tare, ban taɓa ganin gidan da aka yi Halowin ba. Kabewarsu ta miyar taushe ce kamar tamu.

Yahudawa masu riƙo da addini su ma suna kauce masa. A gefe guda kuma, matasan Japan, waɗanda yawancinsu ba Kiristoci ba ne, suna cika titunan Tokyo da shigar dodanni. A Koriya ta Kudu turmutsutsun bikin ya kashe mutum sama da 150 a birnin Seoul a 2022, galibi matasa. Har yau ina jin abin a raina.

Musulmin Amurka sun rabu biyu. Malamai da yawa sun hana, saboda asalinsa da kuma koyi da al'adar da ba tamu ba, wasu masallatai ma kan shirya wa yara taronsu a daren don kada su ji an bar su a baya. Wasu iyayen kuma wasan yara kawai suke gani. Ni dai ba zan sa wa jikana rigar ƙwarangwal ba, don mutuwa a wurinmu wa'azi ce. Amma kalmar ya bar addini tana da nauyi, ba a ɗora ta a kan hoto ɗaya, kuma hukunci na malamai ne.

Ki tuna tashe. Goma ga azumi, bayan an sha ruwa, yaran unguwa sun manna gemun auduga, sun cusa tsumma a riga sun yi tumbi, suna kaɗa gwangwani gida-gida, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wace uwa ce ke iya tsare ɗanta a ɗaki yana jin kiɗan a waje? Abin da ƙanenki ke fuskanta ke nan, a garin da duk 'yan ajin ɗansa suka fita neman alewa gida-gida. Asalin biyun ba ɗaya ba ne, amma zumuɗin yaro ɗaya ne.

Ki kira shi ke kaɗai, ba a zauren WhatsApp na gida ba, ki ji ta bakinsa kafin ki faɗi naki. Ki tambaye shi ko akwai masallaci kusa da su mai shirin yara. Idan kuma hutunsa ya dace da azumi, ya kawo yaron Zariya ya kwana goma wajen Hajiya, a ɗaura masa gemun auduga ya bi 'yan'uwansa.