Tambayi Likita: Makonni Huɗu a Kilinik ɗin Cututtukan Ciki da Hanji a Amurka, Sun Kai a Sayar da Fili?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na yi karatun likitanci a Masar, na dawo na yi aikin horo na shekara guda a Kano, yanzu ina shirin jarrabawar USMLE, ta neman lasisin aikin likita a Amurka. Wani kamfani ya yi mini tayin makonni huɗu a kilinik ɗin cututtukan ciki da hanji a Amurka, irin wanda ake duba mutum ya koma gida, babu kwantarwa. Kuɗin da suka yanka ya kai dubban daloli, ban da jirgi da masauki. Mahaifina ya ce zai sayar da fili. Abin ya kai a yi masa haka? Dakta H., Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki ce wa Baba ya dakata da maganar fili tukuna.

Abin da za ki saya da kuɗin nan wasiƙa ce, wadda likitan Amurka zai rubuta ya ce ya ga aikinki da idonsa. Darajarta ta ƙaru ne saboda a 2021 an soke Step 2 CS, wato ɓangaren USMLE da ake gwada ɗalibi a gaban mai kwaikwayon marar lafiya, kuma tun Janairun 2022 ba a ba da maki a Step 1, matakin farko na jarrabawar, ci ne ko faɗuwa. Abin da ya rage wa masu tantance masu neman gurbin horon ƙwarewa a asibitocin can shi ne makin Step 2 CK, wato jarrabawar sanin cututtuka da magani, da wasiƙu, kuma wasiƙa huɗu kawai ERAS, tsarin intanet da ake aika takardun neman gurbi ta cikinsa, ke bari a aika wa kowane asibiti. Kada kuma ki ɗauka daga nan sai zama likitar hanji. Sai kin yi shekara uku a fannin cututtukan manya, sannan ki nemi wasu ukun a fannin ciki da hanta, inda 'yan ƙasar ma suke rububin gurbi.

Ki tambayi kamfanin a rubuce: kallo za ki yi ko aiki? Ɗalibin da bai gama makaranta ba yakan samu damar ɗaukar tarihin marar lafiya, ya duba shi, ya gabatar wa malaminsa. Wanda ya riga ya gama, irinki, galibi kallo ake ba shi, ba ya taɓa kowa, ba ya rubutu a fayil. Wasiƙar da ta ce "ta tsaya a bayana wata guda, tana da ladabi" ba ta da wani nauyi. Ki nemi sunan likitan, ki bincika ko yana koyarwa a asibitin da ke horar da likitoci, da yawan baƙin da ke bin sa a lokaci guda. Idan ku shida ne, da wuya ya riƙe sunanki.

Amma fa akwai ilimi a wurin, ba zan ɓoye miki ba. Yawanci da safe ana ɗakin na'urar leƙa ciki da hanji, da rana a koma ganin marasa lafiya. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne da yawa daga waɗanda ake leƙa wa hanjin lafiyarsu ƙalau. Tun 2021 shawarar da ake bi a can ita ce a fara binciken sankarar hanji daga shekara 45, a cire ɗan tsiron da aka gani a hanjin tun bai rikiɗe ya zama sankara ba. A gida kuwa kin san yadda suke zuwa, bayan an daɗe ana shan maganin basir. Za ki ga cutar kumburin hanji ta Crohn da gyambon babban hanji, da masu ciwon da alkama ke tayarwa, da ƙwannafin da ya daɗe har ya sauya fatar maƙoshi, da kitsen hanta ba iyaka. Za ki ga an warkar da ciwon hanta nau'in C da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Za ki kuma ga likita na ɓata rabin awa yana rubuta wa kamfanin inshora hujja kafin a yarda a biya magani, wanda ni har yau yana ci mini rai.

Ke ma ba hannu rabbana za ki je ba. Likitar da ta yi aiki a Kano ta ga ciwon hanta nau'in B, da tsargiya, da tarin fuka na ciki, da taifot mai huda hanji, fiye da yawancin ɗaliban can. Idan aka kawo wani baƙo daga Afirka mai kumburin saifa, ki buɗe baki ki yi magana. Irin wannan ne ke shiga wasiƙa. Sai dai ki kiyaye dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA, ta 1996. Hoto ɗaya na allon kwamfuta a WhatsApp ya isa a sallame ki.

Raunin kilinik shi ne ba ya nuna ko za ki iya da aikin kwance, alhali mafi yawan horon da kike nema a ɗakunan kwanciya ake yin sa. Idan kuɗin sau ɗaya za su isa, ni zan zaɓar miki sashen cututtukan manya a asibitin koyarwa. Kilinik ɗin ciki ya zo na biyu. Inda ya fi kuwa shi ne kusanci: likita ɗaya, kullum, wata guda cur.

Sai biza. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku, kuma dokokin na yawan sauyawa. Kada ki biya ko sisi sai kin ga sharaɗin mayar da kuɗi idan aka hana ki.

Ki fara duba sunan makarantarki a kundin makarantun likitanci na duniya, ki tabbatar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta amince da ita. Ki gama Step 1 da Step 2 CK da jarrabawar Turanci ta OET, sannan ki tsara tafiyar ta faɗo kafin Satumba, lokacin da ake aika takardun neman gurbin horo, don sakamakon rabon gurbin a Maris yake fitowa. Idan makin ya yi kyau, ki sake rubuto mini mu yi maganar filin. Ki gaida Baba.