Burtsatsen Solarmu Ya Rage Ruwa, Ko Mu Sayi Batir?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mu kusan 1,000 ne a ƙauyenmu, muna da burtsatse mai aiki da hasken rana. Tun shigowar hunturu tanki ba ya cika, kafin la'asar famfuna sun ƙafe. Wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu sayi batir, sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin rijiyar, ya riƙa aiki da dare. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ku sayi batir. Yana da tsada, zafi kuma na saurin kashe shi. Tankinku shi ne batir ɗinku, tunda shi ke ajiye ruwan da aka turo da rana.

Ku fara duba farantan solar. Ƙurar hunturu kan lulluɓe gilashin, wuta ta ragu, sumo ya yi sanyi. A wanke su da ruwa da tsumma mai laushi, aƙalla sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A duba inuwa ma. Reshen darbejiya ɗaya da ya rufe faranti guda yana rage wutar duk layin, tunda a jere aka haɗa su.

Sannan ku tsaya bakin tanki da tsakar rana ku ga yadda ruwan ke zuba. In yana zuwa a hankali ba yankewa, matsalar wuta ce, ko bututun cikin rijiya ya fashe. In kuwa ya zo da ƙarfi, sai ya fara tofar da iska ya tsaya, to sumo ya fi ƙarfin rijiyar. Wannan ya fi ba ni damuwa, domin sumon da ke juyawa ba ruwa ƙonewa yake yi, kuma a bazara ruwan zai ƙara yin ƙasa. A rage gudunsa daga kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar sumon, a sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya janye. In za a ƙara zurfafa shi, kada ya kai gindin rijiya, yashi zai cinye shi.

Ga lissafi. Lita 20 ga kowane mutum, lita 20,000 ke nan a rana, ban da dabbobi. Rana mai ƙarfi awa 5 zuwa 6 ce, don haka ana son lita 4,000 a awa. In daga saman ruwan zuwa tanki mita 60 ne, kuna buƙatar wajen wat 1,800, wato faranti 4 masu wat 450. In naku ba su kai haka ba, nan kuɗin batir ɗin ya kamata ya tafi.