Ni baƙa ce, hotona ba ya fita: in fara shafa mai kafin biki?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Saura wata biyu bikina, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Ni baƙa ce sosai, duk hoton da aka ɗauke ni sai fuskata ta fito duhu, ido da haƙori kawai ake gani. Ga shi ban iya tsayuwa ba, sai in sandare kamar an dasa ni. Ƙawayena sun ce in fara shafa haɗin mai tun yanzu don in ɗan yi haske kafin ranar kamu, wai kyamara ba ta son baƙar fata. Har lambar mai haɗawa an turo min. Don Allah ki ba ni shawara. (Wata amarya, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Matsalar tsayuwa mai sauƙi ce. Sandarewar nan daga riƙe numfashi take, don haka ki saki numfashi kafin a danna, za ki ji kafaɗunki sun sauka da kansu. Kada ki fuskanci kyamara gaba da gaba kamar mai hoton fasfo. Ki ɗan karkace, ki ɗora nauyinki a ƙafar baya, gwiwar gaba ta ɗan lanƙwashe. Ki miƙo haɓa gaba kaɗan sannan ki sauke ta. A jiki za ki ji wani iri, amma a hoto shi ke fito da wuya. Hannu kuma a ba shi aiki: kama bakin mayafi, ko taɓa awarwaro. In ƙunshin lalle za ki nuna, ki karkata hannun kusa da jikinki, domin duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma. Ɗauri babba yana jefa inuwa a goshi da ido, sai ki ɗan ɗaga fuska wajen haske. In da waya ne, mai ɗauka ya ja baya kamar taku uku ya zuƙo ki, kada ya matso har hancinki ya kumbura a hoto.

Yanzu maganar mai. Wallahi wannan lambar da aka turo miki ki goge ta yau.

A sana'ata ta ɗaukar hoto, babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ta "kyamara ba ta son baƙar fata" ba, kuma tana ƙona min rai, domin laifin mai ɗauka ne aka juye a kan jikin mutane. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. In kin sa farin leshi, ko kin tsaya gaban farin bango, ko rana na bayanki, sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske gaba ɗaya. Leshin ya fito daidai, fuskarki ta nutse. Maganinsa daƙiƙa biyu ne: a waya a taɓa fuskarki a kan allo, a ja 'yar alamar rana da za ta bayyana zuwa sama. Mai babbar kyamara kuwa da bai iya auna haske a fuskar baƙin mutum ba, alhali a ƙasar baƙar fata yake cin abinci, bai gama koyon sana'a ba.

Maganar tana da tushe, amma ba a fatarmu yake ba. A da, shekaru da dama kamfanin Kodak mai yin fim ɗin kyamara yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake saita launin inji. Fim ɗin kansa don farar fata aka tsara shi. Daga cikin waɗanda suka matsa aka gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, da suka ga launin hajarsu ba ya fita a talla. Kyamarorin yau sun wuce wannan wuri nesa ba kusa ba.

Sannan ki ji abin da ke cikin robar man da ba ta da suna ba ta da lambar rajista. Yawanci ɗaya ne cikin uku, ko duka a cakuɗe: haidirokwinon, sitiroyid, da zaiba. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, ta riƙa nankarwa, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Ki tuna mace ce ke, wata rana ana iya buƙatar yi miki ɗinki a wajen haihuwa. Zaiba tana lalata ƙoda, kuma tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki. Haidirokwinon in an daɗe ana shafa shi yana barin wani baƙin tabo a kunci mai wuyar magani, wato duhun da aka gudu shi ake komawa, har ya fi na da muni. Ba banza ba Ghana ta hana shi a man shafawa a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara haske, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi, amma masu haɗawa na nan cike da Instagram da TikTok suna rantsuwa wai "oganik" ne. Wane ganye ne ke sauya launin mutum cikin sati biyu? Wanda bai taɓa shiga ajin haɗa magani ba ya zauna a ɗaki da bokiti da muciya yana dama abin da zai shiga jinin 'ya'yan mutane, in abu ya ɓaci ya kashe waya.

Ko ta fuskar hoton ma asara ce. Bara wata amarya ta zo min, ta yi wata uku tana shafawa. Ina kunna fitila kuncinta ya fito jajur, gefen ido ya yi duhu, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe ƙirin a kan hannu mai haske. Mai kwalliya ta yi ta lafta hoda, zufa na tsattsafowa tana wanke ta. Da aka zo hoton zobe sai ta dunƙule hannu ta ɓoye a mayafi, idonta ya ciko. Kwana biyu na yi a gaban kwamfuta ina daidaita launi uku a jikin mutum ɗaya. Baƙar fata lafiyayya kuwa launinta kusan ɗaya ne daga goshi har ƙafa, kuma tana kama haske ta yi sheƙi, shi ya sa ta fi daɗin ɗauka.

Abin da za ki yi a wata biyun nan: man kaɗanya ko man da kika saba, ruwa, barci, kuma kada ki gwada sabon abu a fuska ana gobe biki. Duk wadda ta riga ta fara shafawa ta je wurin likitan fata, domin yanke sitiroyid lokaci guda yana iya sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje.

Kafin ki ba mai hoto kuɗin kafin alƙalami, ki ce ya nuna miki hotunan amare baƙaƙe da ya ɗauka, waɗanda bai wanke musu launi ba. Yau da la'asar sakaliya kuma ki tsaya kusa da taga, haske ya zo miki ta gefe, ƙanwarki ta riƙe farin kwali ta ɗaya gefen daidai kafaɗarki, a taɓa fuskarki a allon waya a ɗauka. Ki turo min in gani, sai mu zaɓi launin kayan kamu.